Turo Kwano, Sa Miya

Malka ta kama a Gusau tun makon jiya. Ruwan ba ya zuba da ƙarfi, ba ya kuma ɗaukewa. Yana nan yana tsiyaya a kan rufin gidanmu na Damba kamar baƙon da ba shi da wurin zuwa. Tufafi ba sa bushewa, ashana ba ta kamawa. Autarmu Saudatu, wadda ke koyon aikin jinya, tana da jarrabawa a gabanta, amma kullum na fito sai in tarar da ita a bakin ƙofa da waya a hannu. Na yi mata magana. Sai ta miƙo mini wayar.

"Baba, karatu nike. Duba ka gani."

Na duba. Tambaya ce ke fitowa a fuskar wayar. Mutum ya ba da amsa a ransa, ya taɓa, tambayar ta juya baya, amsa ta bayyana. In ya ci, ya danna kore, katin ya tafi sai an kwana biyu. In ya faɗi, ya danna ja, katin ya dawo masa kafin ya tashi daga wurin.

Na ce, "Wa ke jera su?"

"Ba a jera su, Baba. Ita ke cakuɗa su da kanta."

Na mayar mata da wayarta. Na san wannan aikin. Mun yi shi a Karakkai, shekara biyu bayan an ba mu jiha, da kwalin sukari da ƙwarya biyu. Zan faɗe shi bi da bi, yadda ya faru.

Da farko, ruwa. A shekarar ya makara. Mun gaji da kallon gabas muka yi binne, muka zuba iri a busasshiyar ƙasa muka koma gida. Da ruwan ya zo sai ya zo da iska, ya jiƙa ƙasa sosai, gero ya tsiro kore shar. Daga nan sama ta rufe bakinta. Rana ta riƙa fitowa fara fat tun da sassafe, kafin hantsi ƙasa ta yi zafin da takalmin roba ke laushi a ƙafa. Shukar ta naɗe ganye, ta yi fari, ta kwanta. Muka sake shuka da irin da mahaifiyarmu Inna ta ɓoye a tulu ta liƙe bakinsa da laka. Duk wanda ya yi noma ya san ma'anar shuka ta biyu: girbi zai makara, rumbu kuwa bai san da wannan magana ba.

Na biyu, abin da babu. Takin zamani mun ji labarinsa a rediyo, ba mu gan shi ba. Man fetur ya yi wuya, motocin Bungudu suka jeru a tasha, direbobi na kwance a ƙarƙashinsu. Kananzir ma haka. Fitilar gidanmu ba a kunna ta sai in yaro ba shi da lafiya. Wanda ke da abin karantawa ya karanta da rana.

Na uku, gidan. Gandu muke yi. Tun rasuwar mahaifinmu, yayana Labbo ne maigida, shi ke riƙe da gona da rumbu. Akwai Inna, mahaifiyarmu, akwai iyalin Labbo, akwai ni da matata Kulu da jaririnmu na fari. Ni kaɗai na yi boko a gidan: na gama firamare, na soma sakandare, rasuwar ta dawo da ni.

A kasuwar Bungudu na ji ana cewa sabuwar jiha na neman masu taimaka wa malaman dabbobi wajen allurar shanu. Za a yi gwaji a Gusau kafin girbi, wanda ya ci a koyar da shi a ba shi aiki. Na bari sai da muka wanke hannu bayan tuwo sannan na yi wa Labbo maganar.

"Yaya, ina son in gwada."

"Gwaji ba ya noma, Bawa. Wa zai riƙe maka kunyoyinka?"

"Da safe ina gona. Yamma nike roƙo."

Ya daɗe yana sakace. Sannan ya ce, "Na ba ka yamma har ranar. Amma ga sharaɗi. In ka ci, Allah shi sa albarka. In ka faɗi, da an kai amfani gida ka ɗauki jaka mu tahi ci-rani tare, kuma kada in ƙara jin maganar takarda cikin gidanga. Shekara nawa kana ce muna za ka koma makaranta?"

Inna tana gefe tana tsince tsakuwa daga dawa. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Na ji, kun ji."

Na san ci-ranin Labbo. Kudu yake zuwa, ya yi dako da ga-ruwa, ya dawo gab da shuka a rame da tari. Na kuma san wanda ya je sau ɗaya, ya je ke nan. Kowace shekara hanya za ta kira shi.

Ƙanin Inna, wanda muke kira Kawu, tsohon malamin dabbobi ne a Tsafe, ya ajiye aiki. Na ari keken Labbo na ratsa Gusau, na wuce gindin duwatsun Kwatarkwashi da rana tsaka, rigata ta jiƙe ta bushe ta sake jiƙewa. Kawu ya saurare ni, ya ɗauko littafinsa daga ƙasan akwati, bangonsa ya yi baƙi don hannu.

"Littafin nan ba ya fita ɗakin nan," in ji shi. "Ka zauna ka kwafa. Kuma ba a takarda ba. Je wurin mai shayin bakin hanya ka ce ni na aiko ka, ya ba ka kwalayen sukari da na ganyen shayi."

Na kawo. Ya nuna mini yadda zan yi. A yanka kwali daidai tafin hannu. Kwali gefe ɗaya kawai yake karɓar biro, ɗaya gefen yana da zane da sheƙi. Don haka sai a ɗauki guda biyu: a rubuta tambaya a ɗaya, amsa a ɗaya, a haɗa bayansu da ƙaro, a danne da dutse. A gaba alamun ciwo. A baya sunansa da Hausa da Turanci, da abin da ake yi.

"Littafi ba ya zuwa gona," in ji Kawu. "Wannan yana shiga aljihu."

Abu ɗaya na ƙara da kaina, bai ce in yi ba. Na huda kowane kati da ƙusa, na zura su a igiyar rama yadda suke a littafin: boru a farko, sai ciwon huhu, sai harbin daji, sai saifa, sai sammore, sai hanta, sai kirci, har zuwa kan allura da yadda ake ajiye magani. Na ƙulle bakin igiyar. Ni mutum ne mai son abu a jere. Ko takalma a ƙofar masallaci na gani a watse, sai hannuna ya yi ƙaiƙayi.

Da na dawo, ruwa ya zauna, aiki ya taso. Ga yadda yini yake. In an sallame asuba, a sha koko in akwai. A saɓa hauya. A bakin kowace kunya in zaro igiyar in dubi tambaya ɗaya, in mayar aljihu, in sunkuya. Ina noma ina maimaita amsar daidai da saran hauya. In na kai ƙarshen kunya in juya katin in gani. Kunya ta gaba, kati na gaba. Da hantsi Kulu ta kawo farau-farau, ruwa ne da ɗan gari ya ratsa. Da azahar a tashi. Bayan la'asar Labbo ya koma gona shi da iyalinsa, ni kuma in zauna gindin ɗorawar bayan gida.

Tuwo sau ɗaya ne, bayan magariba. Sauran yini ganye ke riƙe ciki: tafasa, rama, yaɗiya, a dafa a matse a barbaɗa gishiri da ɗan ƙuli in an samu. Miya kuwa ta zama ruwan kuka, ba mai, ba daddawar kirki. Yara sun daina wasa mai gudu. Zama gindin bishiya alhali ana jin saran hauya daga gonarku ba daɗi gare shi ba, ko da an ba ka izini. In Labbo ya dawo da laka har gwiwa sai ya ce, "Likitan shanu, akuyar Inna na atishawa. A kawo ta ko kai za ka taso?"

Kafin a gama maimai, wato noma na biyu, na iya igiyar daga farko har ƙarshe. Ina janta kamar tilawa, kowace amsa na riƙe da wutsiyar ta gabanta. Wuri ɗaya kawai nake tuntuɓe: sunan sammore da Turanci. Sammore kowa ya san shi, ciwon da ƙudan tsando ke sa wa shanu su rame su lalace. Amma sunansa a littafi, tiripanosomiyasis, ya ƙi zama a bakina. In na kama kansa, wutsiyar ta kuɓuce.

Wata rana ina ta fama da shi a tsakar gida, Kulu na hura wuta da ɗanyen itace, idonta na hawaye don hayaƙi.

"Malam, wai mi kaka ta faɗi tun jiya? Turo kwano?"

"Turanci ne."

"To ni haka nika ji. Turo kwano, sa miya, sis." Ta kwaikwayi muryata har da tsayawar da nake yi. "Kwano dai ga shi. Miya ta ce a gaishe ka."

Matar Labbo ta yi dariya har ta saki muciya. Na ce kada in ƙara jin wannan shashanci, karatu ba abin wasa ba ne. Kulu ta ce to. Amma washegari a bakin kunya, da na zo kan sammore, kwanon ne ya fara zuwa, miyar ta biyo, sai ga kalmar ta fito daga bayansu cikakkiya. Ban gaya wa kowa ba.

Kulu ba ta yi boko ba, amma 'yar malam ce, ta sauke Alƙur'ani kafin aure. Wata yamma ta tsaya tana saurarona ina jan igiya, jariri a bayanta.

"Kullum daga boru kaka somawa."

"Nan ne farko."

"Babana in zai gwada mahaddaci, ba ya ce mai ya soma daga Baƙara. Tsakiya yaka ja mai baƙi, ya yi shiru, ya bar shi ya ci gaba."

"Wannan boko ne, Kulu."

"To," in ji ta, ta wuce.

Sai malka ta kama, irin wannan ta bana. Sama ta sauko ta zauna a kan gari. Kwaɗi ba sa shiru ko da rana. Bango ya sha ruwa ya yi taushi, ɗaki na warin danshi, gishiri ya narke a kasko. Wata safiya ruwan ya ƙara ƙarfi, gindin rumbu ya fara zaizaya. Duk mazan gida muka fita, muna haƙa wa ruwa hanya muna tokare rumbun da itace, don in ya faɗi ɗan abin da ya rage ya tafi. Igiyar katina na bar ta rataye a ƙusa cikin ɗaki, don kada ta jiƙe.

Daidai saman ƙusar rufin ya yi yoyo.

Da na shigo, ina rawar sanyi, na tarar da Kulu a bakin murhu da faifai biyu da tabarma. Ta tsinke igiyar ta baza kwalayen suna shan ɗumi. Ruwa ya narkar da ƙaron. Kowane kati ya rabu biyu, tambaya daban, amsa daban, kuma duk sun cakuɗe.

"Wa ya ce ki tsinke?"

"Ruwa ya raba su, ni tsintowa na yi. Da na bar su a dunƙule da yanzu tuwo ne."

Biro bai wanke ba, wannan na gode wa Allah. Amma waɗanda suka fi shan ruwa, na ƙarshen igiyar, na yadda ake ajiye maganin allura, sun zama ɓawon da ba ya karantuwa. Akuyar Inna ta ƙarasa su. Komawa Tsafe ba ta yiwuwa: rafi ya cika, tayar keke ta fashe, ranar gwaji ta matso.

Na ware tambayoyi a faifai ɗaya, amsoshi a ɗaya. Na ɗauki tambaya daga sama: saniya ta tsaya ta buɗe ƙafafun gaba, ta miƙe wuya, tana tari a wahale. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Sai da na koma kan boru a raina, na gangaro, sannan na iso ciwon huhu. Na ɗauki wata. Haka. Kowace sai na tafi farko na dawo. Ta wannan hanyar na haɗa su duka, kowace tambaya da amsarta, kuma jerin ne ya cece ni, wannan gaskiya ne. Amma aikin ya ci mini yamma guda da rabin wata.

Ƙaro ba ya samuwa da damina. Kulu ta ce gasara na liƙewa. Gasarar da ke gidan kuwa ta kokon safe ce. Inna ta ɗebo a ludayi ta miƙo.

"Yau takarda ta sha koko, jikokina na kallo."

"Inna, bar shi, in nemi wata dabara."

"Karɓi. Rabona ne, ba nasu ba."

Da suka bushe na nemi igiya in mayar da su yadda suke. Kulu ta ce ta ɗaure kaza da ita. Ina cikin cewa a kwance kazar, Labbo ya shigo neman wuta. Ya sunkuya ya ɗauki kati ɗaya daga tabarma, ya riƙe shi a kife, ƙasa a sama, ya nuna mini.

"Wanga fa? Faɗi."

Na karkata kai na karanta. Kumburi a cinya ko kafaɗa, in an danna yana ƙara kamar busasshen ganye. Leɓena ya fara motsi: boru, ciwon huhu…

"Ba ka da amsa sai ka yi wuridi?" Ya ajiye katin. "Kulu, tsohuwar jakar Baba na rataye a zaure. Ki duba in tana son ɗinki."

Ya ɗauki garwashinsa ya fita. Ban ƙara maganar igiya ba.

Daga ranar tsarin ya sauya, kuma Kulu ce ta tsara shi. Ta kawo ƙwarya biyu, babba da ƙarama. Bayan la'asar ta zuba katunan a faifai ta bakace su kamar tsaba, ta rufe ido ta zaro ɗaya, ta nuna mini gabansa. In amsa, sannan in karɓa in juya. In na ci ba tare da jinkiri ba, ya shiga babbar ƙwarya, ba za a taɓa shi ba sai Juma'a. In na faɗi, ko na yi wuridi, ya shiga ƙarama. Na ƙarama a sake su kafin a tashi, da safe kuma su ne ke bin ni gona.

Ba ta iya karanta abin da ke bayan katin, amma ban taɓa samun damar yi mata wayo ba.

"Ka faɗi."

"Ta ina kika sani?"

"Kunnenka ya motsa."

"Na kusa dai."

"Kusa ba ta shiga babbar ƙwarya, Malam. Kawo."

Ranar farko ƙaramar ta cika har tana zuba, babbar kuwa ana ganin gindinta. A lokacin ne yunwa ta kai maƙura. Dawa ta ƙare, aka koma garin rogo da dusa. In na miƙe daga kunya sai ƙasa ta juya, baƙaƙen biro su riƙa iyo a kan kwali. Gero ya fitar da kai amma bai yi ido ba. Yara na zagaya gona suna matsa zangarniya da yatsa su ga ko ta yi. A hankali ƙaramar ƙwarya ta riƙa raguwa. Akwai waɗanda suka je babba suka dawo, suka sake zuwa. Harbin daji da saifa sun daɗe suna musayar riga a kaina. Sammore kuwa tun ranar farko ya shiga babba bai fito ba. Kulu ta lura.

"Wanga dogon bai taɓa ba ka wuya ba. Ko miya ta samu?"

Na ce ta zaro na gaba.

Ranar gwaji na fita bayan asuba a kan keke, an cusa wa tayar tsumma. Kulu ta ƙulle mini gasasshiyar masara guda a leda, ta farkon da ta nuna a bayan gida. A wata makarantar firamare aka tara mu a Gusau, mutane cike da fili, wasu da takardun sakandare a hannu. Da safe aka yi na rubutu. Masarar na ci rabi, na ba wani mutumin Tsafe da ke kusa da ni rabi. Na baki kuma ɗaya bayan ɗaya ake kira, ni ban samu shiga ba sai bayan la'asar. A bayan tagar ajin wata mata ta kafa tukunya tana sayar da tuwo. Ƙamshin miyarta, da man ja da daddawa, ya cika ajin.

Mutum uku ne a teburi. Na tsakiya likitan dabbobi ne, mutumin wajen Filato, Hausa a bakinsa kamar ruwa. A damansa wata Hajiya, a hagu mai rubutu. Tambayoyin a naɗe suke cikin kwali, mutum ya sa hannu ya zaro. Da na ga haka na tuna faifan Kulu.

Na zaro ta farko. Saniya ta faɗi ta mutu farat ɗaya, baƙin jini na fita ta hanci, ba ya daskarewa. Na ce saifa. Na faɗi sunanta na Turanci. Na ce ba a feɗe ta, ba a cin namanta, ba a jan ta a ƙasa. A haƙa rami mai zurfi a binne, a kai rahoto. Likita ya gyaɗa kai.

Na zaro ta biyu. A kan ajiye maganin allura ce, cikin waɗanda akuya ta ci. Na tsaya na nema, ba komai a wurin.

"Ban sani ba, ranka ya daɗe."

Mai rubutu ya rubuta wani abu gajere.

Ta uku ba a kwali take ba. Likita ya turo mini wata 'yar kwalba, da mataccen ƙwaro a ciki.

"Mene ne wannan?"

"Tsando."

"Me yake kawo wa shanu?"

"Sammore."

"Da Turanci?"

"Turo kwano, sa miya."

Da ƙarfi na faɗa, da cikakkiyar murya, yadda ake ba da amsar da aka tabbatar. Sai da ta fita na ji ta. Hajiya ta ja gyale ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Mai rubutu ya ɗaga biro ya dubi likita.

"Malam," in ji likita, "ba a nan ake rabo ba. Mai tuwo na waje."

Na dafa teburin, na ajiye kwanon da miyar a raina, na faɗi kalmar a hankali, gaɓa bayan gaɓa.

"Sake."

Na sake.

"Wancan na farkon wa ya ba ka shi?"

"Mai ɗakina ce, ranka ya daɗe."

"Ka ci abinci yau?"

"Na ci masara."

"To, je ka. Kira na gaba."

Fuskarsa ba ta nuna mini komai ba. Na turo keke har gida, don tsumman ya zazzage a hanya. Labbo na zaure. Na gaya masa yadda aka yi: ɗaya na ci, ɗaya ban sani ba, ɗaya na ɓata sannan na gyara. Bai yi dariya ba, ko da na faɗi abin da na ce. Ya ce, "Allah shi zaɓa abin da ya fi alheri." Washegari na ga Kulu a tsakar gida da allura da zare, jakar Baba a cinyarta.

Gero ya nuna. Yara suka ci tumu har bakinsu ya yi baƙi, suka dawo da wasan gudu. Sama ta ɗage, ƙasa ta fara tsagewa. Aka shiga girbi, babu labari daga Gusau. Labbo ya fara maganar ranar tafiya da motar da za mu bi. Na daina zuwa gindin ɗorawa. Ƙwaryar biyu suka koma aikinsu na da.

Muna ɗaurin dammuna a gona sai ga Kawu ya ɓullo ta kan iyaka, da sanda, ya tako daga bakin titi. Ya gaisa da Labbo, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Ya nemi ruwa ya sha. Ya murza zangarniya a tafin hannu ya ce geron ya yi ido duk da makara. Ya tambayi Inna da ƙafarta. Sai da ya gama duk wannan sannan ya juyo.

"Bawa, ran Litinin ka je Gusau da tabarma da bokiti. Sun ɗauke ka."

Na ce alhamdu lillahi. Labbo ya koma kan aikinsa. Ya sa gwiwa ya danne damin da ke gabansa, ya ja igiya ya ƙulle, ya mirgina shi gefe. Sannan ya miƙe ya share goshi.

"To. Jakar dai an riga an ɗinke. A zuba mai kwalayensa a ciki."

Da jakar na tafi. Labbo kuma da aka kai amfani gida ya tafi Kudu shi kaɗai, ya yi ta zuwa wasu shekaru bayan nan, har ƙirjinsa ya hana shi. Ni na yi aikin allurar shanu, daga ruga zuwa ruga, har na ajiye bara waccan. Abin da akuya ta ci a makon farko aka koya mana shi.

Jiya da magariba ruwan na nan yana tsiyaya. An kawo wuta, fitila na ci a kowane ɗaki. Saudatu ta zauna a tabarma, kwanonta a gabanta, waya a hannu. Ashe ciwon sammore yana kama mutane ma, yana cikin karatunsu. Na ji tana cewa, "Tiri… tiripa…" ta ja tsaki, ta danna ja. Ba a jima ba katin ya dawo mata. Ta sake ja.

Kulu na durƙushe a gaban tukunya da ludayi, gashinta ya yi fari a gefen ɗankwali. Ba ta juyo ba.

"Turo kwano," in ji ta.

Saudatu ta tura kwanonta da ƙafa, idonta na kan waya.

"Sa miya," na ce.

Yarinyar ta ɗago ta dube ni, ta dubi uwarta, don ba ta taɓa jin na sa baki a rabon abinci ba. Sannan ta mayar da ido kan wayar. Na ga leɓenta na motsi a hankali. Kulu ta zuba miyar, da nama a ciki. Saudatu ta danna kore.